Ranar Da Rediyo Ta Yi Shiru

Akwai wata yarinya 'yar jami'a da kowa yake kira Rediyo. Ba don komai ba sai don bakinta. In ta kunna da safe, to sai barci ya zo ya kashe tashar. Aikin jarida take karantawa, har shiri take gabatarwa a ɗan gidan rediyon makarantarsu, sai sunan ya zauna mata daram.

Mahaifiyarta ce ta ba ni labarin nan da bakinta, tana ba ni tana riƙe haɓa. Ni ma uwa ce, ina da 'ya a makaranta, kuma da zarar na ji an ce soyayyar jami'a sai gabana ya faɗi. Amma wannan dai ku daure ku kai ƙarshensa.

A sashen koyon aikin gona akwai wani yaro dogo, marar hayaniya, abokansa suna ce masa Sannu-Sannu. Yana da in'ina tun yana ƙarami. In kalma ta maƙale masa, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ya lumshe ido, yana ta kokawa da ita har ta fito. Aikin bincikensa na kammala karatu a kan kiwon ƙudan zuma ne. Akwatunansa suna jere ƙarƙashin itatuwa a bayan sashensu, inda ba mai son zuwa.

Can Rediyo ta je yi masa tambayoyi don shirinta. Ta sha turare kamar ta yi wanka da shi, tana magana tana wurga hannu sama da ƙasa.

Ya ce, "Ki... ki... ki rage..."

Ta ce, "Murya? Haka Allah ya yi ni, malam."

Hannu yake nufi. Kafin ya ƙarasa, ƙudan zuma ɗaya ya harbe ta a leɓen sama.

Leɓe ya kumbura suntum. Shi ya kankare mata ƙarin da farcensa, ya nemo ƙanƙara ya ba ta ta danna. Suka zauna a kan wani benci, ita ba bakin magana. A wannan yammacin ne ya ba ta labarin ƙudan zuma tun daga farko har ƙarshe, yadda suke da sarauniya guda, yadda in ɗaya ya gano fure yake komowa ya yi rawa ya nuna wa sauran hanya. Ta yi ta kallonsa ta saman ƙanƙarar nan. Daga nan zuciya ta tafi.

To amma fa jama'a, ban taɓa jin mutum biyu da suka sha bamban irin waɗannan ba.

Shi yana riga lokaci isowa, ita sai an gaji da jira. Ita in ta yi fushi sai ta kira shi a waya ta zazzage masa kwando guda, shi in ya yi fushi sai ya kashe wayar ya tafi wurin akwatunansa. Tana son taro, yana son inuwa. Yau a ɓata, jibi a shirya. Ƙawayenta na ɗaki har sun daina tambaya, fuskarta kawai suke dubawa in ta shigo. In ta jefar da jaka a kan gado, su ce, "Yau kuma an ɗauke wuta a tasha."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar wata ɗabi'a ce da ita take ganin ƙauna ce. Ba ta iya jure ganinsa yana fama da kalma a gaban mutane. Da ya fara kakarewa, sai ta cafe ta ƙarasa masa.

In sun je kantin makaranta, ya ce, "A ba ni sha... sha..."

Sai ta ce, "Shayi yake so, kar a cika sukari."

In direban tasi ya tambaye shi inda za su sauka, ita ce mai amsawa. Har ranar da ya zo gaida iyayenta a gida, ya durƙusa ya fara, "Baba, na... na zo..." sai ga ta daga bakin ƙofa, "Ya zo gaishe ku ne, Baba, kuma a ajin ƙarshe yake, kuma shi ne na biyu a gidansu."

Babanta ya dube shi da tausayi ya ce, "Yaro, kar ka damu. Ni ma tun da na auri uwarta ban ƙarasa magana ba."

Mama ta ce, "Ai dama kai..."

Baba ya ce, "Ka gani ko?"

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Amma Mama ta ce ta lura murmushin nan bai kai idonsa ba.

Ana haka lokacin kare bincike ya zo. Ga wanda bai sani ba, ɗalibi ne zai tsaya gaban malamai ya yi bayanin aikinsa da bakinsa, su yi masa tambayoyi, sauran ɗalibai suna zaune suna kallo. Sannu-Sannu ya yi ta gwaji a gaban Rediyo har ta haddace aikin kamar ita ta rubuta. A cikin gwajin ne ma ya faɗa mata akwati ɗaya ya cika maƙil, dole da ya gama ya raba su gida biyu, in ba haka ba sarauniyar za ta kwashi rabin jama'arta su tashi neman sabon gida.

Ranar ta zo. Ya fara da kyau. Can shugaban sashe ya jefo masa tambaya, kalma ta maƙale. Ya lumshe ido. Wani a baya ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Dariyar nan ce ta tsaya wa Rediyo a rai. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Daga inda take ta zuba amsar tiryan-tiryan, da muryarta ta rediyo, har da alƙaluman da ke cikin aikin.



Shugaban sashe ya cire tabarau ya ce, "Madalla. To yanzu aikin na wane ne, naki ko nasa?"

Aka dakatar da zaman. Hukuncin da aka yanke shi ne, an ba shi dama ɗaya tak, ranar da baƙuwar Farfesa za ta zo daga wata jami'a. In ya kare aikinsa da bakinsa, ya fita tare da 'yan ajinsa. In ya kasa, ko wani ya sake sa masa baki, ya maimaita shekara.

A waje ta biyo shi da gudu. "Wallahi taimakonka na yi! Ba ka ji suna dariya ba? Ni ba zan zauna ina kallo..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe kafin maganar ta fito, kuma a karon farko tsoro ya hana ta cafewa.

"Am... amsar tana bakina. Tana zu... zuwa. Kowa yana ƙwace mini ƙarshen magana tun ina yaro. Na za... zaci ke za ki jira."

Ya juya ya tafi. Ta kira, waya a kashe. Ta tura saƙo, shiru. Wannan karon ba irin ɓacin da aka saba ba ne.

Ta tattaro ta dawo gida. Mama ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne shirun da gidan ya yi. Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru, ga ta kwance ta juya wa ƙofa baya. Mama ta taɓa goshinta ta ji ba zazzaɓi, ta zauna a bakin gado.

Rediyo ta ce, "Mama, laifi ne don na so shi? Na fi kowa sanin abin da ke ransa."

Mama ta ce, "To. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma bari in tambaye ki. Ranar da ya zo gidan nan, me ya zo faɗa wa babanki?"

"Gaisuwa mana."

"Shi ya ce miki?"

Rediyo ta kawar da kai. Mama ta ci gaba:

"Tun ranar da leɓenki ya kumbura, kin ƙara jin maganarsa guda ɗaya daga farko har ƙarshe?"

Yarinya ta yi ta lalube a ranta. Ba ta samo ba. Sai hawaye.

Ranar zuwan Farfesa, Rediyo ta shirya da sassafe ta ce za ta je. Mama ta ce, "Ki je ki ƙarasa rusa yaron mutane? Wallahi ƙafata ƙafarki." Ta ɗauki mayafi ta bi ta, da niyyar in ta ga bakin nan zai buɗe, ta toshe shi da hannunta.

Suna isa suka tarar da mutane cirko-cirko nesa da zauren, ba mai shiga. Wasu ɗalibai sun lulluɓe kai da rigunansu.

Ashe tun da abin nan ya faru, Sannu-Sannu ya shiga damuwa bai koma ya raba akwatin nan ba. Sarauniya kuwa ta kwashi jama'arta. Ba su tashi sauka ko'ina ba sai a reshen bishiyar da ke daidai ƙofar zauren. Sun dunƙule wuri guda, baƙi ƙirin, kamar an rataye ƙaton tulu, tulun kuma yana motsi yana ƙugi. Mama ta ce tun daga nesa kana jin ƙugin a ƙirjinka.

Farfesa, wata dattijuwa mai farin gilashi, tana tsaye gefen motarta. Shugaban sashe yana ta ba ta haƙuri. Sai ga mai gadi da gwangwanin maganin ƙwari yana girgizawa.

Sannu-Sannu ya sha gabansa, cikin kwat ɗinsa ta jarrabawa. "Ka... ka... kada ka fesa! Na... nawa ne."

In aka fesa, sarauniyar da ya yi bincikensa a kanta ta mutu, sauran kuma su haukace su bi jama'a. Ya ruga ya ɗauko wani akwati da ba komai a ciki da kujera. Shi zai hau ya girgiza reshen, amma sai an samu mai riƙe akwatin a ƙarƙashin dunƙulen, daf da su.

Ya dubi abokansa. Ɗaya ya ce, "Mutumina, ina ƙaunarka, amma ni kaɗai uwata ta haifa." Wani ya ce ai shi jininsa ba ya shiri da harbi. Kowa ya ja baya.

Sai Mama ta ji hannun 'yarta ya zame daga nata.

"Ke! Dawo nan! Kin manta leɓenki?"

Ina! Ta riga ta isa. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi akwatin.

Ya dube ta, ya ɗan shaƙi iska, don ƙamshin turare yana harzuƙa ƙudan zuma. "Ba... ba ki sa turare ba."

Ta girgiza kai. Tun ranar da ya tafi ta daina.

Ya ce, "Za su sau... sauka a jikinki. Kar ki kaɗe su. Kar ki yi ihu. Ki ba... bar su su gama abin da suke yi."

Bakinta ya motsa zai ce ta sani. Ta haɗiye.

Ya hau kujera, ya kama reshen da hannunsa ba ko safa, ya girgiza shi da ƙarfi sau ɗaya. Dunƙulen nan ya faɗo cikin akwatin, tim, har gwiwoyin Rediyo suka lanƙwashe don nauyi. Sauran suka tashi sama kamar hayaƙi, suka rufe su biyun.

Mama ta ce a nan ta zauna a kan dakalin fulawa tana kiran sunan Allah. Tana kallo ƙudan zuma suka sauka a kan mayafin 'yarta, da kafaɗunta, da hannuwanta har ba a ganin fata. Ɗaya yana tafiya a kumatunta. Yarinyar da in ta ga kyankyaso unguwa take tarawa, ga ta tsaye kamar an dasa ta, hawaye yana gangarowa, ba ta ko ɗaga yatsa ba.

Shi kuma yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. "Sannunku. Ga gida nan. Ku shiga, ba mai korar ku."

Daga nan sai abin da Mama ta ce ba za ta manta ba har ta koma ga Allah. Wasu daga cikinsu suka jeru a bakin akwatin, suka ɗaga bayansu sama suna kaɗa fiffike, suna kiran 'yan uwansu. Sai ga na jikin yarinyar nan sun juya gaba ɗaya, sun kama hanya. Suka gangaro daga kafaɗarta, suka bi damtsenta, suka bi yatsunta, layi-layi, suna shiga akwati a natse kamar an yi musu sallama. Na sama ma suka riƙa saukowa. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya tsawata musu. Jira kawai aka yi.

Ɗaruruwan mutane a wurin, amma ba ka jin ko tari. Mai gadi ya sauke gwangwaninsa a hankali kamar kar ya yi ƙara.

Ko ɗaya bai harbe ta ba.

Daga baya ta faɗa wa Mama cewa akwatin ɗumi ne da shi, kuma yana kaɗawa a hannunta kamar ta rungumi ƙirjin wani abu mai rai. Ta ce, "Mama, da na yi shiru sai na ji ashe ba ƙara suke yi ba. Magana suke yi."

Aka kai akwati bayan sashe, aka shiga zaure. Shugaban sashe ya hango Rediyo ya ce, "Ke kuma, waje."

Farfesa ta ce, "Bar ta. Wadda ta tsaya ƙudan zuma suka gama yawo a fuskarta, ina ganin za ta iya zaman kujera."

Suka zauna a baya, Mama ta matso daf da ita, hannu a shirye.

Ya fara bayani, yana tuntuɓe yana tashi. Can Farfesa ta yi masa tambaya mai nauyi, kalma ta maƙale. Ta maƙale sosai, fiye da ta ranar farko. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. Ba abin da ake ji sai fanka. Kawuna suka fara juyowa baya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon Rediyo.

Ta san amsar. Mama ta ce tana jin numfashin yarinyar yana fita da ƙyar. Yanzu ba ƙudan zuma a fuskarta, ba abin da zai hana ta sai ita kanta. Ta sunkuyar da kai ta zuba wa hannuwanta ido, ta damƙe su a cinya.

Ta jira.

Sai kalmar ta fito. Wata ta biyo ta, wata ta biyo. Ya ba da amsar da ta haddace, sannan ya wuce ta, ya kawo wani bayani da ya gano da kansa wanda ba ta taɓa ji ba, don ba ta taɓa barinsa ya kai wurin ba. Farfesa ta ajiye biro tana gyaɗa kai.

A ƙarshe ta ce, "Tambaya ɗaya, ba ta cikin maki. Me ya sa ka zaɓi ƙudan zuma?"

Wannan tambayar Rediyo ta sha amsa masa ita a gaban mutane. Kullum cewa take yi don shi mutum ne mai son shiru.

Ya ce, "Ba shi... shiru nake so ba, ranki ya daɗe. Ina son magana ƙwarai. Su ne dai na fa... fara samu da ba sa gaggawar in gama."

Mama ta ce ba ta san tana kuka ba sai da ta ji gishiri a bakinta.

Ya ci jarrabawarsa, da sakamako mai kyau kuwa.

A waje, ƙarƙashin bishiyar nan, ya zo ya tsaya gabanta. Ya gaida Mama, sannan ya ce da Rediyo, "Na... na gode." Ta yi shiru tana kallonsa. Ya jira, ta jira.

Ya ce, "La... lafiya kuwa?"

Ta ce, "Jira nake ka gama."

"Ai na gama."

"To Alhamdulillahi, don wallahi cikina ya kusa fashewa! Ka san ɗaya ya kusa shiga hancina? Kuma wannan abokin naka mai uwa ɗaya, bari in gan shi!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mama ta ce wannan karon dariyar ta kai idonsa.

Ba a daɗe ba ya sake zuwa gidan, ya durƙusa gaban Baba. Ashe tun wancan zuwan, izini ya zo nema ya turo manyansa. Maganar ta ɗauke shi lokaci, har shayin da aka kawo ya huce. Rediyo tana bayan labule ta cije leɓe. Mama kuwa gefen mayafinta ta cusa a baki.

Da ya kai ƙarshe, Baba ya amsa masa, sannan ya waiga hagu ya waiga dama ya ce, "Ikon Allah. Yau an fara magana a gidan nan har an gama ta."

Har yanzu suna faɗansu, ba a ce sun zama mala'iku ba. Ita ba ta daina surutu ba, shi bai daina kashe waya ba. Amma in ya fara magana, tana naɗe hannu ta saurara har ya dire.

Darasi: Son mutum ba shi ne ka zama bakinsa ba. Wani taimakon ƙwace ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. In kana ƙaunar mutum, miji ne ko mata, ɗa ne ko ɗalibi, ka ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa, don abin da ke ƙarshenta ba lallai ne shi kake zato ba. 'Yan mata da samarinmu na makaranta, da mu iyaye, mu koyi jira. Ku tura wa wanda kuka san yana bukatar jin wannan, kuma don Allah in ya kira ku zai yi magana a kai, ku bar shi ya gama.